Ranar da Auta Ya Ceci Maƙogwaron Manaja

Ƙanena Auta ya shigo gida wata rana da yamma, ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu, ya ce daga yau babu wanda zai sake mutuwa da loma a wuya a unguwar nan muddin yana numfashi. Ina tsugune ina wankin kayan yara. Na ɗago na dube shi, na ce, "Wa ya mutu da loma a wuya?"

"Babu tukuna," in ji shi. "Amma saura ƙiris, Yaya. Ku ne dai ba ku sani ba."

Auta shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu yake zaune a gidana. Ba yaro ba ne, gemunsa ya fi na mijina cika. Ya taɓa sayar da cajar waya, ya taɓa gyaran fanka, ya taɓa koyon tuƙi har sai da katangar maƙwabta ta shiga tsakani. A lokacin da nake ba ku labari, dakon kujerun haya yake yi. Ranar nan sun kai kujeru wani babban ɗakin taro inda ake koya wa ma'aikata agajin gaggawa, shi kuma maimakon ya sauke kaya sai ya laɓe a bakin ƙofa yana leƙe. Ya ga malamar ta zagaya bayan wani mutum-mutumin roba, ta rungume shi, ta dunƙule hannu a saman cibiyarsa ta matsa, sai wata 'yar ƙwallo ta yi tsalle daga bakinsa, aka yi tafi. Daidai nan direban motar kujeru ya danna ham, Auta ya fito da gudu. Iyakar karatun likitancinsa ke nan, farkonsa da ƙarshensa.

Ya kuma tsinto kalma ɗaya ta Turanci a wurin, ya taho da ita gida.

"Yaya, nan wurin," ya nuna wuyansa, "me kike ce masa?"

"Maƙogwaro mana."

"Kin ji ba! Sunansa throat." Ya faɗe ta yana turo harshe tsakanin haƙora har yawu ya fantsamo mini cikin kumfa, abin ya fito kamar "tirot". "Kuma biyu ne a ɗaya. Gaban wuyan nan da kike iya shafawa, tirot ne. Hanyar ciki da abinci da iska suke bi, ita ma tirot ce. Bayan wuya kuwa ba ya ciki, wannan ƙeya ce, babu ruwanmu da ita."

"To mu da muke ce masa maƙogwaro, da me muke haɗiya duk shekarun nan?"

"Da sa'a," in ji Auta.

Ya fara gwaji da matashin kaina, ya matse shi har auduga ta fito. Ya ce matashi ba shi da nauyin ɗan Adam, ya koma kan buhun fulawata da ke jingine a kicin. Ya zagaya bayansa, ya ce masa, "Kada ka ji tsoro, bawan Allah, ka faɗo hannun gwani," ya matsa. Bakin buhun ya ɓalle. Da ƙurar ta lafa, sai ga Auta fari fat tun daga hula har takalmi, idanu kawai ke ƙiftawa, yana cewa, "Kin gani ko? Ya fito!" Na bi shi da muciya har ƙofar gida.

Washegari da safe aka zo kan mijina. Baban yara direba ne a kamfanin katifa, mutum ne mai sanyi wanda ba ya son hayaniya kafin ya sha shayinsa. Yana zaune a kan 'yar kujera, ya kurɓa, shayin ya ɗan bi ta wata hanya, ya yi tari guda ɗaya tak. Kafin ya yi na biyu, ƙafafunsa sun bar ƙasa. Auta ya sungume shi ta baya yana jijjigawa, kofi ya yi gabas, burodi ya yi yamma.

"Sake ni! Kai, sake ni!"

"Kada ka yi magana, Maigida, kana ɓata iska!"

"Wace iska? Kai ne ka matse mini ita!"

Da ƙyar na ɓamɓare shi. Baban yara ya zauna yana dafe da haƙarƙari, ya dubi Auta, ya yi magana a hankali, irin maganar da na san ba ya janye ta.

"Ka saurare ni da kyau. Kamfaninmu ya gina sabon ɗakin cin abinci, kuma suna neman wanda zai riƙa zama kusa da akwatin bandeji. Aikin ke nan, zama. Na roƙi Manaja, ya ce in kawo ka ranar buɗewa ya gan ka. In ka samu, ka ci gaba da zama a gidan nan. In ka ɓata, Kawunku ya daɗe yana neman mai kwashe masa kashin kaji a gona, kuma ni da kaina zan kai ka tasha."

A duniya babu abin da Auta yake tsoro kamar gonar Kawu: nisa da gari, wari, ga waya ba ta kamawa sai an hau kan tankin ruwa. Ni kuwa duk shirmensa ba na son ya tafi. Shi ne yake goya mini yara in na gaji, kuma shi kaɗai ya rage mini mai dariya irin ta mahaifiyarmu. Na ja shi gefe na ce, "Don Allah Auta, ka je ka yi shiru kawai. Ka gaishe da mutumin, ka zauna."

"Zama?" Ya yi murmushin tausayi. "Yaya, Manaja zai ga abin da bai taɓa gani ba. Kafin ranar nan sai sunana ya riga ni isa ofishinsa."

Ya samo wata falmaran mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ya rataya usur a wuya, ya fita sintiri.

Tela ne ya fara shiga hannu. Yana tsaye a ƙofar shagonsa yana gwada wa wani mai tumbi riga, ya jera ƙananan allurai a leɓe kamar yadda ya saba. Mai tumbin ya tambaye shi yaushe za a gama, Tela ya amsa da "mm, mm" saboda bakinsa a cike yake, yana nuni da hannu. Auta ya hango mutum ba ya iya magana yana ɗaga hannu. Ya busa usur, ya tsallake kwata, ya cafke shi. Allurai suka tashi gaba ɗaya suka sauka a tumbin mai riga, shi kuwa ya kurma ihu ya ranta a na kare da riga mai hannu ɗaya, alli a bayansa.

"Ka kore mini mai ɗinki!" in ji Tela, yana lalubar almakashi.

"Na cece ka dai. Da ka haɗiye su fa?"

"Tun kafin a haife ka nake riƙe allura a baki!"

"To ka ga ai lokacinka ya kusa ke nan."

Daga nan ya tare a teburin Mai Shayi. Ba ya sayen komai, yana zaune ne a ƙarshen benci yana bin maƙogwaron mutane da kallo, duk loma sai ya raka ta da ido har ta sauka. Wurin da a da ake musun ƙwallo har a ji a bakin titi ya koma tsit. Kowa yana tauna burodi a hankali yana satar kallonsa. Na ga wani dattijo da idona, tari ya taso masa, ya toshe baki, ya ajiye kofi, ya bi lungu da sassarfa har bayan shagon mai walda, ya yi tarinsa a can ya dawo.

"Likita, don girman Allah ka koma wani teburin," in ji Mai Shayi. "Mutane sun daina zama."

"Ba ka gode ba? Tunda na zo wa ya mutu a nan?"

"Kafin ka zo wa ya mutu?"

"Wannan kuma sakacinku ne, ba ku duba ba."

Wadda ta kusa gama da shi ita ce Mai Lemo, wata mata ƙatuwa mai fara'a da ke sayar da lemo da ayaba a bakin layinmu. In dariya ta kama ta sosai, sauti ɗaukewa yake yi, sai dai ka ga tana jijjiga tana dukan cinya, hawaye na zuba. Ranar nan ana ba ta labarin Tela ne ma, dariyar ta kai inda ba ta da murya. Sai ga usur. Auta ya zo ta baya ya buɗe hannu, hannuwan suka ƙi haɗuwa. Ya ja da baya ya sake gwadawa. Yana cikin neman inda cibiya take, ta juyo.

Ban ga faɗuwar tiren ba, ƙararsa na ji daga cikin gida. Na fito na tarar da lemo yana gangara ko'ina, Auta yana zagaya tebur, Mai Lemo tana biye da shi da tire, ga kuma mijinta Mahauci ya taho daga rumfarsa bai ma tuna ya ajiye wuƙa ba.

"Matata ka runguma a bakin titi?"

"Ba runguma ba ce, agaji ne! Tirot ɗinta ne ya toshe!"

"Menene nata ya toshe?" Mahauci ya ƙara matsowa.

"Maƙogwaro! Maƙogwaro nake nufi!" Turanci ya gudu ya bar Auta a wurin.

Sai da na durƙusa na ba da haƙuri, na tsince lemon da hannuna, na rantse musu cewa tun yana ƙarami ya faɗo daga kan gado. Ƙarya ce, amma kowa ya yarda nan take, abin da ya ɗan ba ni haushi.

Da yamma na same shi zaune a bakin rijiya da ƙulu a goshi, ya yi tagumi. Na ɗauka ya yi nadama.

"Mutanen unguwar nan ba su da kirki, Yaya," in ji shi. "Kowa sai tauna abinci yake yi sosai don kada in samu suna."

Ana nan sai ya shigo mini da abokinsa Mai Faci, wanda ke like tayoyi a bakin titi. Dogo ne siriri, kuma duk unguwa an san ba a gayyatarsa cin abinci sau biyu. Suka shige bayan ɗaki suna ƙus-ƙus. Ni kuwa ina kicin, taga a buɗe, babu abin da ban ji ba.

"Abin mai sauƙi ne," in ji Auta. "Zan shigar da kai a matsayin mai taya ni ɗaukar kaya. Ka zauna kusa da teburin Manaja. Ka ɓoye tsokar nama a kumatu. Da ka ga na cire hula, sai ka miƙe ka kama wuya da hannu biyu, ka zaro ido. Ni kuma in zo in matsa, ka tofo naman. Shi ke nan, aiki ya samu."

"Abincin fa, kyauta ne?"

"Kyauta."

"To ko mutuwa kake so in yi, zan yi."

Suka ce za su gwada. Auta ya lallaɓo ya tsamo tsoka ɗaya daga tukunyata, ya ba shi. Ya cire hula. Mai Faci ya kama wuya, ya zaro ido, Auta ya matsa, ba abin da ya fito.

"Ina naman?"

"Ya wuce."

"Ya wuce ina? Cewa na yi ka riƙe a kumatu!"

"Na riƙe. Shi ne ya ga hanya."

Aka sake tsamo wata, ita ma ta ga hanya. Kafin in ankara, miyata ta koma ruwa da albasa. Na fito da ludayi na ce duk wanda ya sake taɓa mini tukunya zai san inda tirot ɗinsa yake. Na ce wa Auta wannan shiri haram ne kuma shirme ne, ya bari. Ya dafa ƙirji ya ce ya bari. Ina juya baya na ji yana ce wa Mai Faci, "Ranar sai mu yi da ɗanyen dankali, shi ba zai ga hanya ba."

Ban gaya wa Baban yara ba. Na yi ta addu'a dai Allah Ya sa a hana Mai Faci shiga a bakin ƙofa.

Ranar buɗewa ta zo. Ni ma ina wurin, domin an ɗauki matan ma'aikata su taya rabon abinci, aka tsayar da ni a bayan wata ƙatuwar tukunyar miya, dab da babban tebur. Ɗakin sabo fil, yana warin fenti, fankoki na juyawa, ma'aikata sun cika benci-benci da rigunansu masu ɗauke da ɓurɓushin soso. A babban tebur ga Manaja, gajere mai ƙiba, ya ɗaure maɓallin rigarsa har wuya. Mutum ne da aka sani da murmushi. Haƙoransa farare tas, a jere kamar an auna da ruwa, kuma ma'aikata sukan ce in ya yi maka murmushi har ka manta ba a ƙara maka albashi ba.

Baban yara ya kawo Auta gabansa. Abin mamaki, Auta ya rusuna ya gaishe shi da ladabi, ya amsa tambayoyi biyu-uku ba tare da ya ambaci tirot ba. Manaja ya yi masa murmushin nan, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Madalla. Je ka ci abinci, za mu yi magana." Baban yara ya dube ni, na dube shi, muka sauke ajiyar zuciya tare.

Sai na hango Mai Faci. Ya samu wuri a bencin gaba, faranti a gabansa ya yi tozo, kumatunsa na dama ya kumbura da dankali, yana ci da na hagu.

Auta ya je ya tsaya a jikin bango, ya gyara falmaran, ya cire hula.

Mai Faci bai ɗago ba.

Auta ya mayar da hula, ya sake cirewa. Mai Faci yana fama da cinyar kaza. Auta ya ɗaga hular sama yana kaɗawa. Wasu ma'aikata suka ɗauka gaisuwa ce, suka cire nasu suka kaɗa masa. Ya yi fito. Ya yi tari. Ya jefa hular, ta sauka a farantin wani mai gadi, shi kuwa ya ɗauke ta ya ajiye gefe ya ci gaba da cinsa. Ina zuba miya ina cewa a zuci, "Ci, Mai Faci, ci, Allah Ya ƙara maka yunwa."

Sai da ya suɗe farantin tas, ya waiga ya ga ba ƙari, sannan ya tuna da aikin da ya kawo shi. Ya miƙe, ya kama wuya da hannu biyu, ya zaro ido, ya buɗe baki ya kwarara ihu da murya garau.

"Wayyo jama'a! Na shaƙe! Ba na iya magana! Ko kalma ɗaya ba na iya faɗa!"

Ya yi juyi, ya zube ƙasa a hankali yana kare gwiwar wandonsa, ya miƙe ƙafafu.

A daidai wannan lokacin ne Manaja ya tashi zai yi jawabi. Bai ga abin da ke faruwa a ƙasa ba, tebur ya kare shi. Miyar ta ɗan yi yaji, fuskarsa ta yi ja, gumi na tsattsafowa. Ya kai hannu wuya zai ɓalle maɓallin da ya shaƙe shi, maɓallin ya ƙi, ya sa hannu na biyu. Ya buɗe baki, ya yi gyaran murya.

Na ga idon Auta ya tashi daga kan Mai Faci ya sauka a kan Manaja. Na ga fuskarsa ta yi haske kamar an kunna fitila. Ga na gaske Allah Ya kawo, kuma babba.

"Auta, a'a!" na ce.

Usur ya riga ni. Ya tsallake Mai Faci da ke kwance, ya taka benci, ya dira bayan babban tebur. Kafin kowa ya motsa, Manaja yana sama, gajerun ƙafafunsa na wutsil-wutsil.

"Kai! Me... wane ne..."

"Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe, ka faɗo hannun gwani!"

Ya matsa. Manaja ya ce "hik". Ya sake matsawa. Baban yara ya taso da gudu yana tuntuɓe da benci. A matsa ta gaba, wani farin abu ya fito daga bakin Manaja kamar an harba shi, ya bi ta saman tebur, ya wuce kwalaben lemo, ya faɗa cikin tukunyata tsulum. Miya ta fantsamo mini har goshi.

Auta ya dire Manaja a kujera, ya zo ya fizge ludayin daga hannuna, ya dama, ya tsamo. Ya ɗaga sama yadda na ƙarshen ɗaki ma zai gani, miya na ɗiga.

"Jama'a, ku duba! Ku dubi girman abin da ya tsaya wa bawan Allah a tirot! Wane mugun ne ya dafa wannan? Ƙashi ne har da..." Ya kawo ludayin kusa da ido. "Har da haƙora a jiki."

Kowa ya dubi ludayi, kowa ya juya ya dubi Manaja. Bakin nan mai murmushi ya lotsa ciki, leɓuna sun naɗe, ya tsufa a take. Ya toshe baki da hannu ɗaya, ya miƙo ɗayan.

"Ba ni kayana," in ji shi, maganar na fita da iska ta ko'ina.

"Ranka ya daɗe, kada ka mayar! Shi ne ya kusa kashe ka!"

Wani daga baya ya kasa riƙewa, ya fashe. Shi ke nan, ɗakin ya ɗauka. Masu dukan tebur na yi, masu faɗowa daga benci na yi. Mai gadin nan dariya ta sa ya ƙware da ruwa yana tari, amma da ya ga Auta ya waigo sai ya shige ƙarƙashin tebur. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, ina kuka ina dariya, na rasa wanne ya fi yawa.

A cikin wannan hayaniya sai aka ji murya daga ƙasa. Mai Faci ne, har yanzu yana kwance, hannu a wuya, ya ɗago kai da fushi.

"Auta! Wannan ai cin amana ne! Ni muka yi da kai za ka matsa! Tun ɗazu nake mutuwa a nan ba wanda ya kula. In tashi ne, ko in ci gaba?" Ya tofo dankalin a tafin hannu ya nuna wa jama'a. "Ga shi ma ban haɗiye ba, ɗanye ne!"

Manaja ya karɓi haƙoransa, ya ɗauraye su a kofin ruwa, ya juya baya ya mayar. Da ya juyo babu murmushi. Ya dubi Mai Faci, ya dubi dankali, ya dubi Auta, sannan ya tsayar da ido a kan mijina, wanda ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi.

"Direba, wannan ne ƙanen matar taka mai hankali?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da na tashi in faɗa? Tashi na yi in gaya wa ma'aikata cewa mun samu mai kula da akwatin bandeji, yaro mai ladabi." Ya ɓalle maɓallin wuyan a ƙarshe, ya nuna ƙofa. "Fitar mini da su. Da shi da gawar."

Baban yara ya tasa ƙeyarsu waje.

Washegari da safe ya cika alkawari. Na haɗa wa Auta kayansa ina share hawaye, yara suka riƙe masa ƙafa. Da motar za ta tashi ya leƙo ta taga, ya ce, "Yaya, ki riƙa yanka wa yara nama ƙanana." Na ce to. Na dawo na tarar da gidan shiru, na zauna a ƙofar ɗakin Auta na yi kukana mai isata.

Ba a daɗe ba sai ga waya. Auta ne, iska na kaɗawa a bayansa, da alama yana kan tankin ruwa, yana ta murna.

"Yaya! Na yi! Wallahi na yi!"

"Ka yi me?"

"Na ceci rai! Kin san kaji in sun sha ruwa sai su ɗaga kai sama su miƙe wuya suna buɗe baki? Duk a shaƙe suke, Yaya, ba wanda ya taɓa lura! Yau na kama wata, na zagaya bayanta, na matsa, sai ga shi ya fito, fari, ƙato, da ɗuminsa!"

"Auta, ƙwai ne."

"Ta baya ya fito, na yarda. Amma ya fito ko bai fito ba?"

Kafin in amsa na ji ana kokawa da wayar, sai ga muryar Kawu yana haki, da gani shi ma tankin ya hau da tsufansa.

"Ke! Ki gaya wa mijinki ya zo ya ɗauki kayansa. Kajina sun daina shan ruwa sai sun leƙa sun ga ba ya nan."